Intanet a cikin motar RV: wa ya taɓa doguwar tafiya da ita yana aiki a hanya?

BabanAmira_Dallas:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga ni. Da zarar an ba yara hutu a watan Yuni, in sha Allahu, muna so mu yi hayar motar nan da ake kira RV, mai gado da kicin da banɗaki a ciki, mu yi mako uku a hanya, ni da uwargida da yara uku. Za mu tashi daga Dallas mu bi ta Amarillo, mu kama I-40 zuwa Albuquerque da Flagstaff, mu ga Grand Canyon, mu haura garin Page da gandun dajin Zion, mu kai gandun dajin Yellowstone, sannan mu dawo ta Denver.

Inda gizo ke saƙar shi ne hutun mako ɗaya kacal na samu a wurin aiki. Sauran mako biyun a cikin motar zan yi aiki. Kullum akwai taron bidiyo da ƙarfe 9 na safe, kuma sai ta VPN na kamfani, wato keɓaɓɓiyar hanyar shiga tsarin ofis ta intanet, nake shiga, wanda da sabis ya ɗan yanke zai fitar da ni. Ga Hajiyarmu a Kano jikin nata sai a hankali, ba na son a neme ni a rasa ko da na yini ɗaya ne. Layi ɗaya gare ni, wanda aka ce datarsa ba ta da iyaka. Zai ishe ni, ko sai na nemi wani abu daban?

Direban_Tirela:
Wa alaikumus salam. Malam, shekara tara ina tuƙa tirela a hanyoyin nan. Muddin kana kan I-40 ba ka da damuwa sosai, ƙarafan sabis suna bin babbar hanya ne. Ranar da ka sauka daga kanta, ka bar Flagstaff ka miƙa arewa kan hanya mai lamba 89, ta cikin ƙasar ƙabilar Navajo, a nan za ka ga waya ta yi shiru na wani lokaci, ta dawo, ta sake ɗaukewa. Ni layi biyu nake riƙewa na kamfani daban-daban. Inda wannan ya mutu, sau da yawa wancan yana numfashi. Layi ɗaya kam ban ba ka shawara ba.

MamanIkram:
Baban Amira, don Allah kafin komai ka buɗe sharuɗɗan layin naka ka karanta abin da suka rubuta game da raba wa kwamfuta data daga waya. Mu abin da ya same mu ke nan bara. Datar wayar ba ta da iyaka, gaskiya ne, amma wadda kake raba wa wasu na'urori an ƙayyade ta. Yara suka haɗa allunansu suna kallon katun tun daga fitowarmu, kwana biyar muka cinye ta. Daga nan gudun ya koma kamar na hawainiya, saƙon imel ma sai ka jira. Maigidana ya zauna da kwamfuta a kan cinya yana kallon abin nan yana juyawa, yana juyawa, har lokacin taron ya wuce. Wallahi ranar ba wanda ya ji daɗin abincin rana.

Injiniya_Sadarwa:
Abin da Maman Ikram ta faɗa haka yake, kuma bari in ƙara wani abu, don mutane kan haɗa cuta uku su ba su suna ɗaya, su ce "ba netiwok".

Akwai wurin da babu sabis kwata-kwata, saboda babu ƙarfen sabis kusa, ko dutse ya tare. A nan duk abin da ka saya mai amfani da sim ba zai yi maka komai ba, sai tauraron ɗan'adam. Akwai kuma wurin da sabis ɗin yana nan amma da rauni, sanda ɗaya tana zuwa tana tafiya. Wannan ana iya taimaka masa da eriya. Na ukun shi ya fi ba mutane haushi: wayarka ta nuna sanduna cike, amma ko hoto ba ya buɗewa. Wannan cunkoso ne. Ƙarfe ɗaya aka kafa don ƙaramin gari, sai ga dubban baƙi sun sauka a kansa lokaci guda. Yellowstone tana karɓar baƙi sama da miliyan 4 a shekara, mafi yawansu a watannin zafi, daidai lokacin da za ka je. Akwai sabis a wurare irin su Old Faithful, Canyon, Mammoth da Grant Village, amma da rana tsaka kowa yana ƙoƙarin tura bidiyon ruwan zafin nan da ke feshi sama. Idan layinka na mai rahusa ne, a lokacin cunkoso kamfani kan sa ka a bayan layi, ya fara sallamar masu tsarin da ya fi tsada.

To kai da za ka yi taron bidiyo kullum, ka fara tambayar kanka a ina za ka kwana kowace ranar aiki, kafin ka tambayi wace na'ura za ka saya.

Zongo_Bronx:
Ni dai busta na saya, na'urar ƙara ƙarfin sabis, ta kamfanin weBoost, na ɗaura a motata. Ka sayi wannan ka huta, ɗan'uwa. Sanda ɗaya takan koma uku.

Injiniya_Sadarwa:
Yaya Zongo, busta tana da amfaninta, ban musa ba, musamman wajen kira da tura saƙo a inda sabis ke da rauni. Amma ƙara ƙarfin sabis ɗin da ke akwai take yi, ba ta ƙirƙira. In babu komai a sama, babu abin da za ta ƙara. Hukumar FCC mai kula da sadarwa a Amurka ma ta ƙayyade ƙarfin bustar mota, ba ta wuce desibel 50. Sannan wayoyin yanzu da eriya biyu ko huɗu suke karɓar data a lokaci guda, ita kuwa busta ta hanya ɗaya take turowa, shi ya sa wani lokaci sanduna su ƙaru amma gudun ya ragu. A wurin cunkoso kuwa ba ta da abin yi sam. Kada a auna da sanduna, a auna da gwajin gudu, musamman gudun turawa, don shi ne ke ɗauke da fuskarka da muryarka zuwa wurin taro.

Zongo_Bronx:
To, Injiniya, na ji. Amma ni ta fitar da ni kunya a tsaunukan arewacin New York, inda matata ba ta iya kira ni kuma ina yi. Abin da na gani da idona na faɗa.

HajiyaMinnesota:
Ku duka kuna da gaskiya. Ni tambayata ga Baban Amira: motar haya ce fa, ko? To ba za su bar ka ka huda rufi ka ɗaura eriya ba. Duk abin da za ka saya ya zama na ɗauka a ajiye. Mu ƙaramin maifai muke da shi da eriya mai manne wa gilashi. Ko ba wannan ma, ka ɗora wayar a jikin taga ta ɓangaren da gari yake, ka bar ta a nan, ka haɗa kwamfutar da ita. Jikin motar yana tare sabis, musamman masu ƙarfe. Bambancin tsakiyar mota da bakin taga ba kaɗan ba ne.

BabanAmira_Dallas:
Hajiya, haya ce, kin tuna mini abin da ban yi tunani ba. Maman Ikram, na duba yanzu, ashe nawa ma haka yake, akwai iyaka a rabawar. Allah Ya saka da alheri. To yanzu maganar Starlink fa, farantin nan mai kamo intanet daga tauraron ɗan'adam? Wani abokin aikina ya ce in saya kawai in manta da sauran.

Abu_Sumayya_Utah:
Ina da ƙaramin, wanda suke kira Mini, tun shekarar da ya fito, 2024. Girmansa kamar kwamfutar cinya, bai kai kilo ɗaya da rabi ba, waifai ɗinsa a jikinsa yake. A hamadar kudancin Utah, inda waya ba ta nuna ko sanda ɗaya, na ajiye shi a ƙasa, cikin 'yan mintuna na yi kiran bidiyo da ƙanwata a Kaduna kamar muna ɗaki ɗaya. A irin wannan fili babu na biyunsa.

Amma abokin aikinka bai gaya maka maganar itatuwa ba. Shi ba kamar dish ɗin talabijin na gida ba ne da ake saita shi ya kalli wuri ɗaya a ɗaure. Wancan tauraron yana can nesa, kusan kilomita 36,000, a tsaye yake a wuri ɗaya in ka kalle shi daga ƙasa. Na Starlink suna ƙasa-ƙasa, wajen kilomita 550, kuma gudu suke yi, wannan ya wuce wancan ya karɓa. Saboda haka farantin yana buƙatar sarari mai faɗi a sama. Reshe ɗaya in ya tare, duk sanda tauraro ya bi ta bayansa sai a sami yankewa ta 'yan daƙiƙu. Yara masu kallon fim ba za su ma sani ba, don fim ɗin ya riga ya tara na gaba. Kai mai taro kai tsaye, kai za ka ji a jikinka: hotonka ya daskare, VPN ya fitar da kai.

Kuma ka dubi hanyarka. Flagstaff cikin dajin dogayen itatuwan fain take. Masaukan bakin Grand Canyon haka. Yellowstone kuwa kusan duk masaukanta a cikin itatuwa suke. Na taɓa yin rabin awa ina zagaya mota da waya a sama, ina duba sarari da manhajarsu, a ƙarshe sai da na ja igiyar duka mita 15 ɗin na kai farantin bakin titin masaukin, na sa ɗana ya zauna kusa da shi a kujera don kada mota ta taka.

Sola_Man_Phoenix:
Ku ƙara da lissafin wuta, don shi ake mantawa. Mini yana cin kamar wat 25 zuwa 40. Mu ce 30, ka yi aikin awa takwas, wat-awa 240 ke nan. Babban farantin yana cin wat 75 zuwa 100, wato 600 zuwa 800 a yini. Batirin motar haya galibi irin na dalma ne, in mai amfiya-awa 100 ne a kan bolt 12, wat-awa 1,200 ke ciki a lissafi, amma rabi kawai ake so ka taɓa. A cikin rabin nan ne fitilu da famfon ruwa da fankar hita za su ci. Yellowstone ko a watan Yuni da sanyi da dare, hita za ta yi aiki. Ga cajin kwamfuta da wayoyi biyar. In masaukin yana da wurin jona wuta, shi ke nan. In babu, sai janareta, shi ma akwai sa'o'in da aka hana kunna shi don kada a dami maƙwabta. A cikin Yellowstone, Fishing Bridge ne kaɗai masaukin da ke da wuta da ruwa a kowane gurbi, kuma ana kama wuri tun da watanni. In za ka sayi Mini, ka haɗa da babban batirin ɗauka wanda zai riƙe shi shi kaɗai.

Dattijo_Ohio:
'Ya'yana, ina ta karantawa ina jinjina kai. Mutum zai kwashi iyalinsa ya kai su su ga ikon Allah, ramin da zurfinsa ya kai mil guda, ruwa yana tafasa yana fitowa daga ƙasa, ɓaunaye suna tsallaka titi, amma tun kafin a tashi ana lissafin yadda yara za su ci gaba da kallon allo. Baban Amira, aikinka daban, wannan neman halali ne. Amma yaran, ka bar su su gaji da zama, su leƙa taga, su yi maka tambaya. Mu da muka taso ana tafiya daga Sakkwato zuwa Legas a bayan babbar mota ba mu da komai sai ido, har yau ina iya lissafa maka garuruwan hanyar nan a jere.

MamanIkram:
Baba, maganarka gaskiya ce, kuma na ɗauka. Sai dai daga Amarillo zuwa Albuquerque awa huɗu ce a miƙe, fili ne iya ganinka, ga yaro ɗan shekara huɗu ɗaure da bel. Abin da muka koya bayan wahalar bara shi ne a sauke musu abin kallo da karatun Alƙur'ani tun a gida da waifai, a kashe musu data gaba ɗaya. In abin da aka sauke ya ƙare, ya ƙare. Fim mai hoto tangaran yana iya cin giga 3 a awa ɗaya, ku lissafa da yara uku.

Ummu_Khalil:
Ni maganar Hajiyarsa ce ta tsaya mini a rai, don ta same ni. Shekara biyu da suka wuce muka shiga wani gandun daji muka kwana biyu babu sabis. Mun ma ji daɗin shirun a lokacin. Da muka fito, muna isowa wani gidan mai, wayata ta fara kaɗawa ba tsayawa, saƙo a kan saƙo. Na buɗe na farko, sai na ga "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un". Kawuna ne, wanda ya riƙe ni tun ina aji uku na firamare. Kun san gida ba a ajiye gawa. An yi masa sutura, an kai shi, har an yi kwana ɗaya ana zaman makoki, ni ina can ina ɗaukar hoton tsaunuka. Na zauna a bakin famfon mai ɗin nan na rasa abin da zan yi. Na san ko da na ji a kan lokaci ba zan iso jana'iza ba, amma da na kira mahaifiyata a wannan daren, da ta ji muryata. Har yau in na tuna sai na ji wani abu ya tokare ni.

Saboda haka, ɗan'uwa, ko me za ka saya, ka bar wa wani na kusa a nan Amurka jerin wuraren da za ka kwana da ranakun, da lambar ofishin kowane masauki. Ka ba 'yan gida lambar wannan mutumin. Kuma kowace rana, ko da tuƙin mil ashirin ne, ka fita inda saƙo zai shigo.

BabanAmira_Dallas:
Allahu Akbar. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya sa Aljanna makoma, Ya ba ku haƙuri. Wannan shi ne ainihin abin da nake tsoro, 'yar'uwa. Na gode da kika faɗa.

Direban_Tirela:
Allah Ya gafarta masa.

Dattijo_Ohio:
Allah Ya jiƙansa da rahama. 'Yata, na ji wannan, kuma ban ce a yanke zumunci ba. Uwa tana kwance, dole a same ka. Kan yaran dai nake magana.

Injiniya_Sadarwa:
Amin. Kan abin da Ummu Khalil ta kawo, akwai abu biyu da ya kamata kowa ya sani. A Amurka in ka kira 911, lambar neman agajin gaggawa, wayarka za ta bi ta kowane kamfani da ke da sabis a wurin, ko ba naka ba ne. Sannan iPhone daga 14 zuwa sama tana iya tura saƙon neman agaji ta tauraron ɗan'adam tun ƙarshen 2022, daga baya aka ƙara tura saƙon rubutu na yau da kullum. T-Mobile ma sun fara irin wannan tare da Starlink a 2025. Ba zai yi maka taron ofis ba, amma "muna lafiya, ya jikin Hajiya?" zai iya fita, in kana fili kana ganin sama. Wanda zai karɓa ya fi kyau ya zama mai lambar Amurka, shi kuma ya isar gida ta WhatsApp. Ka gwada tun kana Dallas, ba a fafe gora ranar tafiya.

Bakatsine_a_Jamus:
Mu a nan Turai abin ya zo da sauƙi ta wani ɓangaren. Tun Yunin 2017 layin Jamus yana aiki a Faransa ko Italiya ko Sifen ba tare da ƙarin kuɗin yawo ba. Na yi hayar irin motar nan na kai iyali har bakin teku a Italiya da layi ɗaya. Kuskuren da na yi shi ne ratsawa ta Suwizalan, na manta ba ta cikin Tarayyar Turai, tsarin layina kuma bai haɗa da ita ba. Taswira tana kunne, yara suna kan waya, awa uku kawai, sai da na ga takardar kuɗi a ƙarshen wata na gane. Duk mai zuwa kusa da iyakar Kanada ko Meziko ya duba wannan.

HajiyaMinnesota:
Shi hanyarsa ba ta kai iyaka ba, amma akwai wata iyakar da za ta rikita shi, ta agogo. Jihar Arizona ba ta canza agogo da bazara, ƙasar Navajo da ke cikinta kuwa tana canzawa, Utah ma haka. Garin Page yana tsakaninsu. Wayarka in ta kama ƙarfen wancan ɓangaren sai ta tsallake awa guda, in ta dawo ta koma. Mu sai da muka makara wurin da muka biya kuɗin shiga saboda wannan. Ka cire agogon daga saita kansa, ka zaɓi Phoenix da hannunka muddin kana Arizona. Taronka na ƙarfe 9 na Dallas, ƙarfe 7 ne a Flagstaff da Page, ƙarfe 8 a Utah da Wyoming. Tsakaninka da Kano kuma zai tashi daga awa shida ya koma takwas a Arizona. In ka bari sai bayan azahar ɗinka, Hajiya ta yi barci.

Malam_Tsangaya_MD:
Tunda an zo maganar lokaci, a kula da manhajar salla. Da yawa suna riƙe garin da aka saita musu, sai mutum yana Utah tana kira masa sallar Dallas. A sabunta wurin duk inda aka sauka, GPS ba ya buƙatar data. In ma duk sun mutu, rana tana nan, inuwa tana nan. Kuma ku matafiya ne, kuna da sauƙin ƙasaru, sai inda kuka yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku, a nan za ku cika, bisa mazhabar Malikiyya da muka taso a kai. Juma'a kuma ka tsara ta faɗo a Albuquerque ko Salt Lake City ko Denver, duk akwai masallatai.

Dan_Kurna_Kano:
Salamu alaikum mutanen waje. Mu da ke gida muna karantawa muna ƙaruwa. Ashe ku ma kuna neman sabis da waya a sama? Na ɗauka mu kaɗai ne. A nan ma kowa layi biyu ne da shi, direbobin da ke zuwa Maiduguri ko Maraɗi sun san inda kowane layi yake ɗaukewa. A 2021 da aka rufe layukan waya a Zamfara, mutane sai sun tsallaka wata jihar kafin su gaya wa 'yan'uwa suna raye, don haka labarin Ummu Khalil ba baƙo ba ne a wurinmu. Starlink ɗin ma ya shigo Najeriya tun Janairun 2023, na ga masu shagunan intanet da wasu makarantu sun sa. Motar kwana dai ce ban ga yadda za a yi da ita ba a halin da hanyoyinmu ke ciki, wa zai faka a daji ya kwana da iyali? Allah Ya kawo mana zaman lafiya. Baban Amira, in kana so wani ya riƙa leƙa Hajiya, ka yi mini magana ta gefe.

BabanAmira_Dallas:
Amin, Ɗan Kurna. Allah Ya bar zumunci, ƙannena suna tare da ita, amma na ji daɗin wannan magana ƙwarai.

Bari in dawo da mu kan tambayar, don kaina ya fara ɗaukar zafi. Layi na biyu, ko Starlink, ko duka? Kuɗin hayar motar da mai kaɗai sun isa.

Direban_Tirela:
In ni ne, ba zan sayi faranti saboda mako biyu ba. Ka juya tsarin tafiyar. Makon hutunka ka ajiye shi ga Yellowstone da Zion, inda sabis ya fi wahala. Zion rami ne tsakanin duwatsu masu tsayin gaske, sama ma kaɗan kake gani, ga ƙa'idar manyan motoci a ramin da aka huda a dutsen gabas, ka duba ta kafin ka doshi wurin da RV. Ranakun aiki kuma ka kwana a gari ko bakin gari: Amarillo, Albuquerque, Flagstaff, Salt Lake City, Denver. Ka gama aiki da rana, ku yi tuƙi da yamma, a watan Yuni rana ba ta faɗuwa da wuri. Layi na biyu na wata ɗaya ya ishe ka.

Abu_Sumayya_Utah:
Direba, a takarda wannan ya yi kyau. Amma tafiya da yara ba ta bin takarda. Taya ta yi faci, yaro ya yi zazzaɓi, masaukin da ka nufa ya cika, sai ka tsinci kanka ranar Talata da safe a inda ba ka shirya ba. Mutumin da abincinsa ke rataye da taron ƙarfe 9 bai kamata ya dogara da hanya iri ɗaya ba. Layi biyu duk ƙarfen ƙasa suke nema, in kwari ya tare ɗaya sau da yawa ya tare ɗayan. Faranti da waya kuwa cutarsu ba ɗaya ba ce: shi itace ke hana shi, ita nisa da cunkoso. In kuɗi ne matsalar, ana sayar da shi bayan an dawo. Tsarin biyansu na wata-wata yana yawan canzawa, ka karanta na ranar da za ka saya.

Injiniya_Sadarwa:
Kafin ka kashe ko sisi, ka yi wannan a daren yau. Ka buɗe taswirar sabis ta FCC, ka sa kowane masauki da kake tunani, ka duba Verizon da AT&T da T-Mobile ɗaya bayan ɗaya. Ka sani kamfanonin ne ke ba da bayanan, lissafin kwamfuta ne, don haka ka haɗa da abin da waɗanda suka kwana a wurin suka rubuta a manhajoji irin su Campendium, inda mutane ke faɗin layin da suka yi amfani da shi da yadda ya yi musu. In wayarka ba a kulle take ga kamfani ɗaya ba, za ka iya ƙara layi na biyu ta eSIM, wato sim da ake saukewa a waya ba kati, ba tare da ka je shago ba. Ka tabbata ba ƙarfe ɗaya suke hawa da naka ba: Visible na Verizon ne, Cricket na AT&T, Metro da Mint na T-Mobile. Mutane kan sayi layi biyu su ɗauka sun rabu, ashe uwa ɗaya ce ta haife su.

A taron kuma ka kashe kyamara in an yarda. Murya kaɗai ba ta cin komai in aka kwatanta da bidiyo, wanda ke iya lashe giga guda a awa. Ka nemi lambar shiga taron ta kiran waya ka rubuta a takarda.

MamanIkram:
Kada kuma ka sa rai da waifai na masauki, ko sun rubuta a allo da manyan baƙaƙe. Da asuba yana yi, da magariba in kowa ya dawo sai ya kwanta. Abin da ya cece mu bara laburaren wani ƙaramin gari ne. Maigidan ya shiga ya gaishe da matar da ke kula da wurin, ta nuna masa tebur kusa da soket, ya yi awa huɗu bai biya ko kwabo ba, ni da yara muna sashen littattafan yara. Kusan kowane gari yana da shi, ka dai duba ranakun da suke buɗewa.

Zongo_Bronx:
Kuma ka sauke taswirar Google ta duk hanyar tun a gida. Wannan kam ba wanda zai yi mini gardama a kai.

HajiyaMinnesota:
Ba mai yi maka, Yaya. Ni har ta takarda nake karɓa a ƙofar kowane gandu, kyauta suke bayarwa.

BabanAmira_Dallas:
Na gode ƙwarai, jama'a, Allah Ya saka wa kowa. Mun zauna da uwargida jiya da dare da taswira. Mun matsar da makon hutun zuwa tsakiya yadda Direba ya ce, ya rufe Zion da Yellowstone. Layi na biyu zan ƙara, wannan an gama. Na rubuta wa shugabana a ofis in gaya masa gaskiyar inda zan kasance, kada ya ji daga baya. Jerin masaukan kuma zan bar wa ƙanin matata a Houston, kamar yadda Ummu Khalil ta ce. Faranti ne har yanzu ban yanke ba. Ita ta ce a saya saboda Hajiya, tunda makon hutun shi ne makon da za mu fi nisa da sabis. Ni kuma ina duba kuɗin da batirin da zai biyo baya.

Abu_Sumayya_Utah:
Maman Amira ta fi ka ganin abin. Amma ka ga, hanyarku daga Zion zuwa Yellowstone ta gabana za ta wuce, kan I-15. Ku tsaya ku ci tuwo, in ba ka nawa da batirinsa ka tafi da su Yellowstone. Sai dai ta Denver za ku dawo, to ka turo mini ta gidan waya in kun isa gida.

Direban_Tirela:
Ma sha Allah. To saura Grand Canyon da Page, su a ranakun aiki suka faɗo ko? Wace rana za ka bar Flagstaff?

Sola_Man_Phoenix:
Kuma ka tambayi masu hayar wane irin batir ke cikin motar, da ko akwai soket mai bolt 12 kusa da teburin. Ka turo amsar a nan in sake maka lissafin.